Sultanahmet ko Taksim: ina ya fi dacewa a sauka a Santambul?

Wa'alaikumus salam, Malam. Ka tambaya wace unguwa ta fi dacewa ku sauka a Santambul (Istanbul) ta ƙasar Turkiyya, Sultanahmet ko Taksim. Tunda da Hajiya mahaifiyarka za ku tafi, kuma mako guda kacal gare ku, ka kama ɗaki a Sultanahmet, ko a Sirkeci da ke gangare da ita. Na kwana a Sultanahmet, na kuma kwana a Taksim, kuma in dai da tsohuwa zan yi tafiya ba zan ko leƙa farashin ɗakunan Taksim ba.

Abin da ke kai irinmu Santambul kusan duk a tsohon gari yake, wato gundumar Fatih. Ga Masallacin Sultan Ahmet mai hasumiya shida, wanda aka fara gininsa a 1609. Ga Ayasofiya tana fuskantarsa: an kammala ta a shekarar 537 a matsayin coci, ta zama masallaci a 1453 da Sarki Muhammad Alfatih ya ci garin, daga baya aka mayar da ita gidan tarihi, sai a 2020 aka dawo da salla a cikinta. Fadar Topkapi, tsohuwar fadar sarakunan Daular Usmaniyya, tana bayanta. Duka ukun da ƙafa ake zagaya su. Ga mai ƙuruciya wannan ba wani abu ba ne, amma ga Hajiya shi ne komai. Za ta yi Azahar cikin jam'i, ta koma ɗaki ta miƙe ƙafa, La'asar na yi ta sake fitowa, ba tare da an shiga mota ko sau ɗaya ba.

Otal ɗin da na sauka wani tsohon gida ne aka gyara, a wani lungu bayan masallacin. Da asuba ladanin Sultan Ahmet zai ja jimla ɗaya ya dakata, na Ayasofiya ya karɓa, haka suke yi har su idar. Na fito cikin sanyi, titi fayau sai kyanwoyi da 'yan tsofaffi masu sauri zuwa sahu. Bayan an sallame wani dattijo ya riƙe hannuna da hannu biyu, ba na jin yarensa, ba ya jin nawa, da na ce masa Najeriya sai ya dafa ƙirji ya ja ni wurin mai shayi a bakin titi, ya kuma hana ni biya. Da na koma otal an riga an jera karin kumallo a saman bene: zaitun, cuku, tumatir, kokwamba, dafaffen ƙwai, zuma, da jan shayi a ƙaramin kofin gilashi, ga jiragen ruwa suna jiran layi a tekun Marmara. Hajiya za ta daɗe tana ba jikoki labarin irin wannan safiya.

Ku ware wa Topkapi safiya guda cur. A can ne ɗakin da aka ajiye kayan da ake jingina wa Manzon Allah (SAW) da sahabbai: takubba, tsofaffin mabuɗan Ka'aba, da akwatin da alkyabbarsa ke ciki, ga mai karatun Alƙur'ani a gefe ba ya yankewa. Ku je da sassafe kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su sauke mutane, kuma ban da Talata, ranar a rufe take.

In za ku yi nisa, tiram (jirgin ƙasa na kan titi) mai lamba T1 ta tsakiyar unguwar yake ratsawa. Ka sayi Istanbulkart a na'urar tasha ka zuba masa kuɗi, da shi ake shiga tiram, bas, jirgin ƙarƙashin ƙasa da jirgin ruwa. Ta ɓangare ɗaya T1 zai kai ku Beyazit, ƙofar babbar kasuwar nan mai rufi, sannan Laleli da Aksaray. Laleli kuwa Kantin Kwari ce ta can, sarin tufafi da ofisoshin aika kaya, in ka yi sa'a ma ka ji Hausa a bakin shago. Ta ɗaya ɓangaren zai sauke ku a Eminonu. Daga nan akwai wani tiram, T5, da ke bin gaɓar ruwa zuwa Eyup, inda kabarin sahabi Abu Ayyub al-Ansari yake, wanda Annabi (SAW) ya sauka a gidansa da ya isa Madina. Kada ku baro garin ba ku kai Hajiya can ba. A Eminonu ɗin dai za ku hau jirgin ruwa zuwa Uskudar, ku taka ɓangaren Asiya da kuɗin da bai taka kara ya karya ba.

Taksim fa? Ba zan hana ta haƙƙinta ba: manyan otal-otal masu lifta sun fi yawa a can, shaguna na kaiwa dare, akwai babban masallaci da aka buɗe a 2021, kuma daga filin jirgi za ka iya bin jirgin ƙarƙashin ƙasa layin M11 zuwa Gayrettepe ka canja zuwa M2 ka sauka a tsakiyarta. Iyakarta ke nan. Ɗakin da na biya a wani lungu kusa da titin Istiklal, kiɗan mashaya bai bar ni na runtsa ba sai gab da asuba. Kuma kullum in za ku tsohon gari sai kun gangara tashar Kabatas kun shiga tiram, ko kun bi layin M2, cikin cunkoso, ku maimaita da yamma a gajiye. Ku je can da maraice ɗaya, ku ga hasumiyar Galata, ku dawo.

Sultanahmet ma da nata. Yawancin otal-otal ɗinta ƙanana ne, matakala siririya, wasu ba lifta. Kafin ka biya ka rubuta musu ka tambaya ko akwai, in babu su ba Hajiya ɗakin ƙasa. Ka duba taswira kuma, domin lungunan da suka gangara wajen teku hawa ne mai wuya a kan daɓen duwatsu, gara wanda ke kusa da layin tiram. Gidajen abincin da ke kallon masallaci tsada gare su ba gaira ba dalili. Ku gangara Sirkeci, wajen Hocapasa, inda ake jera tukwane a bayan gilashi, ka nuna abin da kake so a zuba maka.

Ba ka tambaya ba, amma dole in faɗa maka maganar macuta, kuma tun daga gida suke farawa. In ta hannun ejan za ka bi, kada ka yarda da "otal a tsakiyar gari". Ya ba ka sunan otal ɗin a rubuce, ka nemo shi da kanka a taswira, ka kira su ka tabbatar akwai ɗaki da sunanka kafin ka cika kuɗi. Wanda ya ce biza a hannunsa take, ko shakka babu za ta fito, ka riƙe kuɗinka, ofishin jakadanci ne kaɗai ke da wannan iko.

A can kuma, duk wanda ya tare ka a harabar masallaci da sallama da fara'a, yana tambayar daga ina kake, yana cewa zai nuna maka ƙofar da ba layi, ƙarshen tafiyar shagon darduma ne ko na rigunan fata. Ka amsa sallama ka wuce. Masu tallan yawon jirgin ruwa a Bosforus (mashigin tekun da ya raba ɓangaren Turai da na Asiya) a bakin titi su ma ka ƙyale su, ka je tagar Sehir Hatlari a Eminonu, jiragen hukumar birni ne, farashi a rubuce yake. A tasi ka tabbata an kunna mita, kuma in za ka miƙa kuɗi ka faɗi adadin da baki kana nuna takardar, don akwai masu musanya babbar takarda da ƙarama su ce ita ka ba su. Mai shushaina da burushinsa ya faɗi a gabanka da gangan ya yar. Gidan abincin da bai rubuta farashi ba, kada ku zauna.

Kuɗin da za ka canja a filin jirgi kada ya wuce na mota da na ruwan sha, 'yan canjin wajen babbar kasuwa sun fi sayen dala da daraja. Kasuwar ba ta ci ranar Lahadi, ka tsara sayayya a wata rana. Ka kuma sayi adafta tun daga gida, soket ɗinsu mai rami biyu ne zagayayyu, cajarmu mai ƙafa uku ba ta shiga. Allah ya kai ku lafiya, a gaida Hajiya.