Kukan Birkin Motata da Garejin da Ya Gano Matsalar a Birnin Kebbi

Motata Corolla ce ƙirar 2008, da ita nake zirga-zirga tsakanin Birnin Kebbi da Jega kusan kullum. Da shigowar hunturu ta fara wani kuka siriri in na taka birki, kamar ana wasa wuƙa a kan dutse. Na kai ta wurin wanda na saba, cikin rabin awa ya canza fad na tayoyin gaba, wato abin da ke matse faifan ƙarfen da ke juyawa tare da taya in an taka birki, ya ce an gama. Ba a rufa sati biyu ba kukan ya dawo, har ya fi na da. Ranar da na tsaya a Kalgo 'yan kabu-kabu suka waiwayo gaba ɗaya, hankalina ya tashi, don da yara a motar.

Wani abokin aikina ne ya kwatanta mini wani gareji a hanyar Argungu. Bakaniken dattijo ne, ba mai yawan magana ba. Abin da ya fara burge ni shi ne bai taɓa sifana ba sai da ya shiga muka zaga, ya sauke gilashi yana saurare, ya taka birki a hankali, ya sake takawa da ƙarfi. Sannan ya ce, "Alhaji, kukan birki ba iri ɗaya ba ne. Naka biyu ne ma."

Da yaransa suka ɗaga motar suka cire tayar hagu, ya kira ni in duba da idona. Fad ɗin da aka sa mini kwanan nan ya cinye ta gefe guda, fuskarsa tana sheƙi kamar tangaran. Ya zaro ɗaya daga cikin ƙarafa biyun da kalifa, wato maƙatar da ke danna fad a jikin faifan, ke zamewa a kansu, da kyar ya fito, busasshe ƙamas, ƙura da tsatsa sun kama shi. Robar da ke rufe shi ta tsage, babu ko ɗigon giris. Wato ko na ɗaga ƙafa, fad ɗin bai gama sakin faifan ba, yana ta guga har zafi ya ƙona fuskarsa. Ga shi kuma mai arha ne, ƙarfe ya yi masa yawa, sannan 'yan siraran farantan da ke bayansa don kashe ƙara an zubar da su a gyaran farko. Wannan ya ɓata mini rai ƙwarai, domin kuɗina na biya cif. A tayar dama kuwa tsakuwa ce 'yar mitsitsiya ta maƙale tsakanin faifai da kwanon da ke bayansa. Ya ɗora mini ita a tafin hannu, ba ta kai ƙwayar wake ba.

Yana aiki yana yi mini bayani. Sabon fad kaurinsa ya kai milimita 10 zuwa 12, in ya sauko kusan 3 akwai ɗan harshen ƙarfe da ke taɓa faifai ya yi tsuwa, don a san lokacin canji ya yi. In tsuwar ta koma gurnani, to ƙarfe ne ke cin ƙarfe, faifan ma zai tafi. Kukan safe bayan ruwan sama ko wankin mota tsatsa ce sama-sama, taku kaɗan ke share ta. Birkin baya na ganga ne, da ya buɗe ƙura ta zubo kamar gari.

Inda na ga gazawa: jira. Awa huɗu na yi a kan benci ƙarƙashin dogon yaro, don ba ya ajiye kayan gyara, sai an aiki yaro kasuwa, ya je ya kawo wanda bai dace ba ya sake komawa. Kuɗin aikinsa ma ya ɗara na sauran, kuma ba ya ragi. Amma ya haɗa mini tsofaffin kayan a leda, ya ce in riƙa taka birki a hankali har kilomita 200 na farko kafin sabon fad ya zauna.

Yau sati shida ke nan, na je Yawuri na dawo, ban ji ko ƙis ba. Kafin damina ta sauka zan koma wurinsa a canza man birki, don ya nuna mini nawa ya yi baƙi.