Wace manhaja za ka ɗauka don babi na huɗu?

Duk shekara, da ɗaliban tattalin arziki a nan Bauchi sun iso babi na huɗu na aikin bincikensu, inda ake nazarin alƙaluma, tambayar ɗaya ce: Malam, EViews ko Stata? Ni kuwa gretl nake ce musu, kuma ba don kyauta ce kawai ba.

Abin da nake dubawa shi ne ƙarfin gwaji, wato iya cafke hasashe idan ƙarya ne. Tun 1933 masana ƙididdiga Neyman da Pearson suka aza harsashin wannan tunani: ka tsayar da iyakar kuskuren da za ka yarda da shi, a ce kashi 5 cikin ɗari, sannan ka nemi gwajin da ya fi kaifi. Mu kuwa alƙalumanmu ba yawa. Na Babban Bankin Najeriya daga 1981 layi arba'in ne da 'yan kai, kowace shekara layi ɗaya. A nan gwajin ADF da kowa ya haddace, mai duba ko jerin alƙaluma ya daidaita (wato yana komawa kan matsakaicinsa), rago ne, sau da yawa yakan kasa gane jerin da ya daidaita. Gwajin DF-GLS na Elliott, Rothenberg da Stock, na 1996, ya fi shi ido. A gretl yana nan tare da ADF da KPSS, wani gwajin daidaiton, dannawa biyu ka kwatanta. Tsohuwar kwamfuta ma tana ɗaukarta, ba lasisi, ba sai da intanet ba.

EViews ma tana da DF-GLS, amma da dala ake sayen lasisinta. Stata haka. R kyauta ce, in kana da watannin koyon rubuta umarni. SPSS a bar wa masu raba takardun tambayoyi.

Inda na ƙone shi ne kwafin sata na manhaja. Wani mai shago ya zuba mini a filashi, ƙwayar cutar da ta biyo shi ta cinye mini babi biyu ana saura sati in miƙa aiki.

Masu yi wa ɗalibai lissafi a biya su sun fi wannan illa. Ƙanena ya kawo mini nasa yana washe baki: kowace ƙimar p 0.0000, R² kuwa 0.99, lambobin da a ido ke nuna alaƙa mai ƙarfi. Da na leƙa Durbin-Watson, ma'aunin da ke nuna ko kurakuran lissafin na bin juna, sai na ga bai kai 0.5 ba, ainihin alamar alaƙar bogi da Granger da Newbold suka yi kashedi a kanta tun 1974. Wasu ma ba sa gwada komai, a Word suke buga teburin, su canza lambobin wani. Kafin ka ba da ko sisi, ka ce a ba ka fayil ɗin alƙaluman, a sake gwajin kana zaune. Wanda ya yi wa ƙanena lissafin, da muka nemi fayil, cewa ya yi an ɗauke wuta, mu dawo gobe.