Baikal mai baki ɗaya: bindigar da ba ta wahalar da mai ita

Ina zaune a Aboabo nan Kumasi, gonata kuma ta masara tana wajen Ejura, inda gyazbi ke mana ɓarna, wanda Asantawa ke kira akrantie. Saboda shi na yanki lasisi wurin 'yan sanda na sayi Baikal mai baki ɗaya, samfurin IZH-18 mai cin harsashi lamba 12. A garin Izhevsk na Rasha ake ƙera ta, tun 1964 kuma ake fitar da irinta.

Abin da ya ɗaure ni da ita shi ne sauƙin cire bututunta. Da farko ka karya ta, wato ka buɗe ta a mahaɗar bututu da jikinta, ka leƙa da idonka babu harsashi a ciki, ka rufe ta. Sannan ka ja ɗan maƙullin da ke jikin katakon gaba, katakon ya fito. Ka matsa ƙarfen nan da ke bayan kunama, bututu ya sunkuyar da kai, ka zare shi daga inda yake rataye. Babu sukurudireba, babu guduma. Wanda ya san damshin daminar Asante, yadda ƙarfe ke kwana lafiya ya tashi da jan tsatsa, shi zai gane darajar wannan. Daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba an rufe farautar yawancin namun daji, to lokacin nakan raba ta, in zura tsumma mai ɗan mai a bututu, in ɗaga shi wajen taga in ga cikinsa yana ƙyalli, in shafa mai a mahaɗar, in mayar. Da ta koma daidai za ka ji ta ce ƙas, ko girgiza ta ka yi ba motsi.

Ba ta da nauyi, ana yini da ita a kafaɗa. Rashin nauyin ne kuma ke sa ta naushi mutum in ya harba, don haka a manna ta sosai.

Sai dai ina roƙon 'yan'uwa, kada sauƙin nan ya ruɗe ku. Cire bututunka ka mayar daban, ɗora na wata bindigar daban. Wani ya taɓa kawo mini tsohon bututu, yana cewa, "Alhaji, ai duk Baikal ɗaya ce." Na ce masa, "Malam, riƙe abinka." Kowane bututu an daidaita shi ne da jikin da ya zo da shi, in ya bar 'yar tazara a mahaɗa, fuskarka ce a wurin. Ga lambar bindiga kuma da ke rubuce a lasisi. In bututu ya kumbura ko ya tsage, a fara zuwa ofishin 'yan sanda mai kula da makamai, su faɗi yadda za a yi bisa doka.

Manomin da ke da lasisi da wurin kulle ta nesa da yara, ina ba shi shawarar ya saye ta.