Akwati a rufe ruf ko mai fanka: wanne ya dace da na'urar fitilun ado a waje?

Wani ɗan'uwa ya yi tambaya: zai ƙawata gaban gidansa da fitilun WS2811 (ƙananan fitilun ado masu sauya launi) masu volt 12 guda 400 don bikin ƙarshen shekara, da na'urar sarrafa su da na'urar ba da wuta ta Mean Well LRS-350-12. Shin ya rufe akwatinsu ruf saboda ruwa da ƙura, ko ya huda shi ya sa fanka?

Malam, lissafin zafi ne zai raba gardamar. Kowace fitila tana iya jan kusan amfiya 0.06 in an ƙure ta a farin haske, wato 400 za su ja amfiya 24, na'urar ba da wutar kuwa iyakarta 29. Daga wutar da take sha, kusan kashi 85 cikin ɗari ne ke isa fitilu, saura zafi ne. A wannan lodin wajen wat 50 ke nan ke tsayawa cikin akwatin, kamar ka kunna tsohon ƙwan lantarki ka kife masa bokiti.

Akwatin da aka rufe ruf yana da amfaninsa. Ƙurar hunturu ba ta shiga, haka tururuwa da tsaka. Amma fankar da ke jikin LRS-350 ba abin da za ta yi sai juya iska mai zafi a wuri guda, kuma da zarar cikin ya haura digiri 50, ƙarfin da na'urar ke iya bayarwa ya fara raguwa. Alamarsa ita ce fitilu su yi lafiya da magariba, bayan awa biyu su fara ƙyaftawa ko su ɗauke gaba ɗaya. Akwai kuma abin da mutane ba sa zato: rufaffen akwati yana gumi. Da rana iskar ciki ta kumbura ta fita ta ƴan kafofi, da dare ta huce ta zuƙo mai danshi, sai raɓa ta kwanta a kan allon na'urar ba ta da hanyar fita. Rufewa ruf ta fi dacewa da ƙaramin aiki, kamar ƙaramar na'urar sarrafawa ta ESP32 da fitilu ɗari, ko kuma in ka sayi na'urar wuta mai lambar IP67, wato wadda ruwa da ƙura ba sa shigarta, ka ɗaura ta a wajen akwatin.

Mai fanka shi ne zaɓina a aikinka, muddin an huda shi daidai. Ƙofar shigar iska a ƙasa, ta fita a sama ta gefe, da murfi mai baki yana kallon ƙasa. Kada ka huda rufin. Fanka mai milimita 80 ta volt 12 ta isa, a sa ta a ƙofar sama tana fitar da iska. Ka haɗa ta da ƙaramin makunnin zafi irin KSD9700 na digiri 40, wanda ke haɗa wuta sai an yi zafi, don kada ta kwana tana zuƙo raɓar asuba a banza. Raga a kowace ƙofa, da siririn soso a ta ƙasa. Aibinsa ke nan: a hunturu soson na toshewa, sai ka riƙa karkaɗe shi duk mako.

Wayoyi kuwa, dokarsu ɗaya ce a akwatunan biyu. Duka su shiga ta ƙasa, ta cikin maƙogwaron roba mai matsewa, mai girman PG7 ga wayar fitilu, PG9 ko sama ga ta wutar gida, kowace a lanƙwasa ta ƙasa da akwatin kafin ta hau, don ruwa ya ɗiga ƙasa. Wutar gida a gefe ɗaya da murfi a kanta, ta volt 12 da ta saƙon sarrafa fitilu a ɗaya gefen. Kafin ka jona, duba makunnin volt 115/230 da ke jikin na'urar ba da wutar. In yana kan 115 ka ba ta wutarmu ta 230, ta ƙone nan take. Kowane layin fitilu da fis ɗinsa na amfiya 5, domin amfiya 29 za ta narkar da siririyar waya tun na'urar ba ta ji komai ba. Kada ka shafa dalma a bakin wayar da za ka ɗaure da noti: dalma na lotsawa a hankali, haɗin ya saki, ya yi zafi. Matse ta da hular ƙarfe. Wayar sauke wuta ƙasa dole ce, tare da mayankar da ke yanke wuta in ta yoyo, mai milli-amfiya 30.

Akwatin roba fari ya fi, don na ƙarfe yana toshe Wi-Fi. Ɗaga shi daga ƙasa, a inuwa. Sannan ka rage hasken zuwa kashi 30 ko 40 cikin ɗari. Da dare ido ba zai ga ya gaza ba, zafin cikin akwatin kuwa zai ragu da fiye da rabi.