SSD ɗin masana'antu na M.2 2242: kayan ya burge ni, mai sayarwa ya ɓata mini rai

Sana'ata haɗa kyamarori da ƙananan kwamfutoci a gidajen mai da manyan shaguna, nan Garwa da kewaye. Kwamfutocin irin marasa fanka ne, waɗanda ake ɗaurewa a bango cikin akwatin ƙarfe su yi ta aiki dare da rana. SSD ɗin da zan yi magana a kai, wato ma'ajiyar bayanan kwamfuta, na saka shi ne a wani gidan mai da ke kan hanyar Figil. Intanet a wajen ba abin dogaro ba ne, don haka kwamfutar ce ke riƙe lissafin kowace lita da aka sayar, da hotunan kyamara, sai dare ya yi ta tura wa Alhaji mai gidan man taƙaitaccen bayani a waya. In ma'ajiyarta ta mutu, cinikin ranar ya tafi ke nan.

Kuma ta sha mutuwa. SSD na kasuwa da ke ciki a da, irin wanda ake saka wa kwamfutar hannu, ba ya jure ɗaukewar wuta. Da ruwan madatsar Lagdo mai ba mu lantarki ya ja baya a rani kowa ya san yadda wutarmu take komawa. Shi ya sa na nemi na masana'antu, M.2 2242, faɗinsa milimita 22, tsawonsa 42, bai kai ɗan yatsana ba. Wajen yadda yake haɗuwa da kwamfuta kala biyu ne, SATA da NVMe, ni na SATA na ɗauka. NVMe ya fi sauri, amma ya fi cin wuta, ya fi ɗaukar zafi, kuma a akwatin da iska ba ta shiga da ya yi zafi sai ya rage saurin da kansa.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan ya faru ne a watan Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40 a inuwa. Manajan gidan man ya kira ni bayan la'asar, muryarsa duk a dame. Ya ce, "Injiniya, tun azahar wuta ke wasa da mu, batirin ma ya ƙi riƙewa, yaron nan sai juya layi yake tsakanin janareta da wutar gari. Kwamfutar ta mutu ta tashi ba adadi." Na hau babur gabana na faɗuwa, don na san abin da na saba tararwa: baƙin allo, da rubutu cewa ba a ga diski ba. Da na isa na dafa akwatin, wallahi ban iya barin hannuna a kai ba, kamar murfin tukunya a kan murhu. Na jona allo. Sai ga kwamfuta ta tashi lafiya lau. Na buɗe lissafi, ga ciniki nan jere har mintin da wuta ta ɗauke na ƙarshe. Na duba bayanan SMART, wato rahoton lafiyar da SSD ɗin ke ajiyewa da kansa, ya nuna zafinsa ya wuce digiri 70, ya ƙirga duk katsewar wutar da aka yi masa, amma babu gurbi ko ɗaya da ya lalace.

Dalilin yana nan a jikinsa, ana gani da ido: jerin 'yan ƙananan kafasitoci kusa da baki. Wuta na ɗaukewa su ke ba shi ɗan numfashin da bai kai ƙiftawar ido ba, ya ƙarasa rubuta abin da ke hannunsa, ya adana jadawalin da ke nuna masa inda kowane bayani yake. Wannan jadawalin ne ke rikicewa a na kasuwa, shi ya sa diski ke ɓacewa gaba ɗaya. Ga shi kuma an gina shi ya yi aiki daga digiri 40 ƙasa da sifiri har zuwa 85, alhali na kasuwa iyakarsa 70.

Da magariba Alhaji ya kira. "Malam, wannan karon ma an yi asara?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ko lita ɗaya ba ta ɓace ba." Ya yi hamdala, ya ce sauran gidajen ma a saka musu irinsa. Ranar na kwana da farin ciki, kuma da a nan maganar ta tsaya da babu abin da zan ce sai yabo.

To, sai na koma wurin mutumin nan na Duwala da na saya a hannunsa. Na tura kuɗi ta waya, na jira kaya su hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, su biyo mota. Da suka iso na buɗe, suna ɗaya, kamfani ɗaya, amma wurin kafasitocin fili ne fetal. Na gwada lambar da ke jikin takardar da ta farkon, harafi ɗaya ya bambanta. Ashe samfurin kala biyu ne, ya turo mini mai digiri 0 zuwa 70 a kuɗin ɗayan. Na kira shi, wai duk ɗaya ne, wai ni ne mai tsanani. Ina duk ɗaya? Abin da na biya kuɗi mai yawa dominsa shi ne babu!

Wannan ya tuno mini da abin da na haɗiye tun farko. Na farkon ma bai gaya mini cewa pSLC ne ba, wato an sauya wa ƙwayar ajiyarsa tsari. Ƙwayar da aka saba, TLC, tana riƙe bit 3 (ƙaramin ma'aunin bayani), a wannan tsarin kuwa bit 1 kawai ake sa mata, ta fi daɗewa nesa ba kusa ba, daga shafewa da sake rubutu kusan 3,000 zuwa dubbai goma-goma, amma wurin ajiya ya koma kashi ɗaya cikin uku. Tsarin mai kyau ne, ban ƙi ba. Sai dai hotunan kyamara ba sa daɗewa a ciki, dole na ƙara wani diski a gefe, kuɗin da ban faɗa wa Alhaji ba tun farko don ni ma ba a faɗa mini ba. Ko ɗan kusan ɗaure shi babu a ledar, sai da na zaga wurin masu gyaran kwamfuta kafin na samu.

Duk mai niyyar saya, ya sa a ɗauko masa hoton lambar da ke jikin SSD ɗin, ya gwada ta da takardar bayanan kamfanin kafin ya tura ko dala. Ya kuma tabbatar ramin kwamfutarsa yana karɓar SATA, don wani ramin yakan shiga daidai amma NVMe kaɗai yake ji. Ni dai na mayar da nasa, kuɗina suna hannunsa har yanzu, Alhaji kuma kullum sai ya tambaye ni yaushe za a gyara sauran gidajen.