Gani da Kallo: Ina Suka Rabu?

Duka biyun aikin ido ne, amma ba ɗaya suke ba. Gani yakan zo wa mutum ko bai nema ba: kana tafiya sai ka ga maciji. Kallo kuwa sai da niyya, ka tsaya ka zuba wa abu ido. Shi ya sa ake cewa 'yan kallo sun cika fili, ba a cewa 'yan gani.

Ta fuskar nahawu, gani yana sauya kama: "na ga yaron", "na gan shi", "na gani". Masu koyo nan suke tuntuɓe, har ka ji an ce "na gani shi". Kallo ma haka yake: "na kalli yaron", "na kalle shi".

A wajen ma'ana gani ya fi zurfi, domin ya wuce ido ya shiga zuciya. "A ganina" ra'ayi ne. "Ka gani?" na iya nufin ka fahimta? Wanda ya ga dama ya yi abin da ransa ke so. Ganau kuma shaida ne da ya fi jiyau, tunda gani ya kori ji. Makaho ma yakan ce "sai mun gani", ba wanda zai yi masa gyara.

Kallo bai cika barin fuska ba, sai dai yana ɗauke da hali. Akwai kallon raini, akwai kallon hadarin kaji. Kuma yana yaudara: mai yi wa rogo kallon kitse ya kalla sosai, amma bai gani ba.