Sayen tsofaffin faya-fayan kiɗan kilasik ta intanet, abin da na gani

Gaskiya duk wanda zai sayi faifan garmaho na kilasik (wato daɗaɗɗen kiɗan Turawa irin na su Beethoven) ta intanet, tambayar farko da zai yi wa mai sayarwa ita ce, ka ɗora shi ka saurara ko da ido kawai ka duba? Da yawansu a shafukan saye da sayarwa irin su Discogs da eBay da ido suke ba faifai maki, su ɗaga shi a haske su ga yana sheƙi sai su rubuta NM (kusan sabo) ko VG+ (mai kyau sosai), kuma ba ƙarya suke ba, in faifan disko ne hakan ya isa tunda ganga da jita suna danne ƙaramar ƙara. Kilasik kuwa akwai inda makaɗa za su yi ƙasa ƙasa har goge ɗaya ya rage, to a nan ne duk wani ƙas ƙas zai fito fili ya ɓata maka sauraro.

Wanda ya fi faranta min rai shi ne akwatin simfoni (dogon kiɗan babbar ƙungiyar makaɗa) tara na Beethoven da madugun makaɗa Karajan ya ɗauka da makaɗan Berlin, na kamfanin Deutsche Grammophon da ya fito a 1963, faifai takwas ne a ciki. Mai sayarwar ya turo min hoton lambobin da ake zanawa a filin da ke kusa da tambarin tsakiya, waɗanda da su ake gane wane bugu ne, ya kuma faɗa min da bakinsa cewa gefe ɗaya yana da ɗan ƙas a farko, da kayan suka iso haka na tarar ba ƙari ba ragi. Ya sa kowane faifai a sabuwar riga, ya tokare akwatin da kwali mai tauri ta kowane gefe yadda ko girgiza shi ka yi ba abin da ke motsi. Wallahi irin wannan ko ya fi tsada zan koma wajensa.

Wani kuma na sayi faifan fiyano a hannunsa, ba karce ko ɗaya a ido, amma an daɗe ana kunna shi da allurar da ta cinye, ta riga ta ci layukan, duk inda aka buga da ƙarfi sai sautin ya fashe musamman dab da ƙarshen gefe. Wannan wanki ba ya gyara shi, ƙura da fumfuna ne ke fita da wanki. Ya dai maido min da kuɗina ba gardama, amma na yi baƙin ciki don na daɗe ina neman faifan.

A duba ko faifan mono ne (sauti ta hanya ɗaya) ko sitiriyo (sauti ta hagu da dama), don sitiriyo sai 1958 ya shigo kasuwa kuma an jima ana fitar da aiki ɗaya iri biyu. Batun bugun farko kuma, irin faya-fayan kamfanin Decca jerin SXL masu faffaɗan layin azurfa a tambarinsu da ake rububi, ni dai ban ga dalilin takura kai ba, bugun baya mai tsabta ya fiye min na farko da ya sha wahala. Kuɗin aike ne kawai ke ci min tuwo a ƙwarya, akwati na da nauyi, wani lokacin aiken ya fi kayan tsada, shi ya sa nake tara abin da nake so wajen mutum ɗaya ya haɗa min a kwali guda.